Matar da Ta Wanke Rafin Mekono

Jawabin Célestin Awono, shugaban masu kiwon kifi na Nkol-Esong, a zauren taron ƙauyen, ranar cikar shekara guda da rasuwar Mama Honorine Ntsama

Mai girma Shugaban Gunduma, mai girma Magajin Gari, ranka ya daɗe Sarkin Nkol-Esong da dattawan da ke zaune a bayanka, Fada Mbarga da ya yi mana addu'a da safen nan, Dokta Mireille Tagne da ta taso tun daga Yaoundé, Mista Roger Kuaté wakilin kamfanin barasa, Baba Zang mijin marigayiya, 'ya'yanta Blandine da Firmin da jikokinta, matan ƙungiyar rogo, 'yan'uwana masu kifi, jama'a maza da mata: ina gaishe ku. Sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Da Baba Zang ya zo gidana ya ce ni zan yi magana yau, sai na ce masa, "Baba, ni? Ka manta ni ne ta kira ɓarawo a gaban matata?" Ya ce, "Ban manta ba, shi ya sa na zo wurinka. Sauran duk za su yi mata kwalliya da ƙarya, ita kuwa ba ta son kwalliya." To, ga ni. Wanda ya zo jin daɗin baki ya yi mini haƙuri.

Manya sun san yadda Mekono yake kafin a kafa kamfani, yara kuwa bari in gaya muku. A rafin nan iyayenmu mata suke jiƙa rogo, kwana uku ya yi laushi, su daka, su naɗe a ganye, bobolon Nkol-Esong ya tafi kasuwannin Yaoundé a sayar kafin azahar. Da aka fara dafa barasa daga ragowar rake, sai aka riƙa sako mana abin da ya rage a tukunya. Kun san shi: baƙi, mai kauri, da zafinsa yake fitowa yana tururi, yana warin sukarin da ya ƙone ya kuma ruɓe. Kifi ya taso ciki sama. Rogo ya riƙa fitowa ja, da ɗaci. Matan kasuwa su sansana ƙulli ɗaya su ce, "Na Nkol-Esong ne? Ɗauke abinki." Matanmu suka koma ɗaukar rogo a ka, tafiyar kilomita shida, zuwa rafin wani ƙauye, inda ake yi musu kallon masu roƙo. Shekara goma sha uku muna haka. Mun yi ƙorafi, mun yi zanga-zanga sau biyu, an ba mu buhunan sukari mun koma gida.

Sai Dokta Tagne ta zo, shekara goma sha bakwai ke nan, lokacin tana ƙaramar malama a jami'a. Ta shawo kan kamfani ya ba ta fili a bayan katanga. Ta sa aka haƙa dogayen ramuka shida, aka shimfiɗa leda, aka cika da tsakuwa, aka dasa ciyawar burugu da aka ciro daga bakin kogin Sanaga. Ta ce baƙin ruwan zai bi ta cikin tsakuwa a hankali, rami bayan rami, saiwoyin ciyawa da ƙananan halittun da ke manne da su su cinye dattin, ya fita ƙarshe da haskensa. Dokta, kina zaune, ba za ki ƙaryata ni ba: dariya muka yi miki. Ni da bakina na ce, "Dokta, ciyawar da awakinmu ba sa ci sai sun rasa, ita ce za ta yi abin da gwamnati ta kasa?"

Kuma dashen farko ya mutu. Cikin mako biyu ya bushe ƙurmus, muka ce ai mun faɗa.

A lokacin Honorine abinci take sayar wa masu haƙa, wake da soyayyiyar ayaba, a gindin mangwaron nan. Ba ta wuce aji huɗu a firamare ba. Ta ga Dokta zaune a kan tulin tsakuwa ta haɗa kai da gwiwa, sai ta ajiye ludayi ta je ta ce, "'Yata, kin taɓa ba jariri kunu daga kan wuta?" Dokta ta ce ta sani, ruwan ya yi zafi kuma ya yi tsami, dole ya kwana a tafki ya huce, a sirka shi, a zuba masa farar ƙasa, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce kamfani yana sako ruwa lokacin da ya ga dama, ita kuma tana da aji a Yaoundé, babu mai tsayawa a bakin ƙofar ruwan. Honorine ta ce, "Nuna mini ƙofar."

Daga ranar ba ta sake sayar da wake ba.

Wata bakwai bayan haka ta zo bakin ɗan tafkina na ruwan sama da ke bayan gida ta ce in ba ta kifi ta saka a inda ruwan yake fita. Don in yi mata shaƙiyanci sai na kamo tarwaɗa biyu. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Célestin, tarwaɗa ko a kwata ka jefa ta ƙiba za ta yi, kamar wasu mazan da na sani. Karfasa nake so, mai saurin mutuwa." Na ba ta goma, ina jiran ta dawo mini da gawarsu. Ba ta dawo ba. Da na gaji da jira na je da kaina, na tarar da su sun haƙa gurbi suna ƙwai. Na tsuguna na ɗebi ruwan da hannu. Ba zan ce muku fari tas ba ne, yana da ɗan launin shayi, amma babu wari, babu zafi, kuma ina ganin layin tafin hannuna ta cikinsa. A damina ta gaba mata suka mayar da rogonsu Mekono. Tafkunan kifi goma sha tara da ke ƙasan rafin nan, har da nawa uku, duk bayan wannan aka haƙa su. Firmin, kuɗin makarantarka daga nan ya fito. Na 'ya'yana ma haka.

Aikin Dokta na shekara uku ne, ya ƙare ta koma, kamar yadda aka shirya tun farko. Honorine ta zauna, ta ƙara shekara goma sha uku.

Ta kasance mace mai sammako. Kafin ƙararrawar coci ta safe tana can, takalmin roba har gwiwa, ta tsoma gwiwar hannu a tafki ta ji ko ya huce.

Ta kasance ta san ramukan nan shida kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta: na biyu mai haɗama ne, na huɗu mai saurin toshewa, na biyar sai an lallaɓa shi. Ganyen ciyawa ya ɗan yi rawaya, ta san kamfani ya canja abin da yake dafawa tun kafin ma'aikatan ciki su sani.

Ta kasance ba ta barin ciyawa ta wuce wata uku ba a yanke ba, domin in ta tsufa ta kwanta, ruɓewa take yi ta toshe tsakuwa, ruwa ya bi ta sama ya fita yadda ya shigo. Ita da adda, rami shida, ƙaiƙayi har wuya. Abin da ta yanka ta raba wa masu awaki kyauta.

Ta kasance mai zafin baki, kada mu ɓoye. Baba Zang, kai ka fi mu sani. Babu wanda ke cikin zauren nan da bai taɓa shan nasa ba, in ka cire Shugaban Gunduma, shi ma don bai daɗe da zuwa ba ne.

Mu kuma me muka kasance? Masu farautar gafiya sun cinna wa rami na uku wuta har sau biyu. Masu awaki, da ake ba su ciyawa a yanke, suka ga ya fi sauƙi su kwance ɗaurin su sake su ciki. Ni kuwa, shugaban masu kifi, wanda ruwan nan yake ciyar da shi, da zan zuba harsashin ɗakin girki na ga tsakuwa ta yi tsada, sai na tura baro na kwaso daga rami na shida. Baro takwas. Na ce wa kaina ai na ƙarshe ne, ruwa ya riga ya wanku kafin ya iso nan.

Washegari da hantsi ta bi sawun baron har ƙofar gidana. Ta zauna a kan harsashin, ta cire takalmi, ta ce wa matata, "Odile, kawo mini ruwa in sha, na zo ganin ginin ɓarawo." Na ce, "Mama, ɗan kaɗan ne fa." Ta ce, "Kaɗan ne. Kifinka ma kaɗan-kaɗan za su mutu, ba za ka ji zafi ba." Na ce zan saya in mayar. Ta ce, "Waccan da ka kwasa ta yi shekara biyar tana koyon aiki. Sabuwa ba ta san komai ba. Fasa ka mayar mini da abata." Ba ta tashi ba sai da na ɗauko diga. Har yau a waje Odile take girki, kuma har yau ba ta yafe mini ba.

Yanzu na zo inda maganar take da nauyi.

Shekara shida da suka wuce aka sayar da kamfani. Sababbin masu shi suka ƙara tukwane, barasar leda ta cika kowane shago daga nan har iyaka, baƙin ruwa ya ninka. Rami shida ba za su iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu ba. Dokta ta rubuto musu cewa a ƙara goma sha biyu, ta zana, ta auna, ta nuna filin, ga shi can har yau babu abin da ke cikinsa sai tofa. Ba su ƙi ba. Da sun ƙi da mun san inda muka tsaya. Cewa suka yi ana dubawa. Ana cikin dubawar sai aka kawo mana takarda, wai za a binne bututu ta gonakinmu don kwashe ruwan sama, mu sa hannu, kamfani kuma zai rufa mana zauren taro.

Jama'a, ku ɗaga kai. Ku dubi kwanon da ke samanku. Shi ne.

A wannan ɗakin, lokacin rufinsa na ganyen tukurwa ne, Honorine ta miƙe ta ce, "Ruwan sama ne zai bi bututun da ya fito daga gindin tukunya? A cikin kamfani ake yin hadari?" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Mama, zauna, tsoro kike ji aikinki zai ƙare." Ta ce, "Aikina ba zai ƙare ba, naku ne zai ƙare." Aka ce ta cika neman rigima. Ranka ya daɗe Sarki, ban ɗora maka kai kaɗai ba. Mu goma sha ɗaya muka sa hannu, nawa ne na huɗu.

Tun daga nan kashi ɗaya na ruwan ke bi ta fadamarta, wato ramukan ciyawar nan, kashi biyu su bi ta ƙarƙashin ƙasa su faɗa Mekono a bayan gonar koko, inda mota ba ta zuwa. Tana wanke kofi ɗaya, ana zuba bokiti a ƙasanta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar masu duba na gwamnati. Duk shekara in za su zo daga birni, sai a toshe bututun kwana uku, a share hanya, a kawo mata sabuwar riga mai tambarin kamfani, a tsayar da ita gaban ciyawa a ɗauki hoto. Hoton nan yana cikin kalandar kamfani, wasunku sun rataye ta a ɗaki. Shekara biyu ta haƙura, tana zaton in ta yi musu biyayya za su haƙa ramukan. A ta uku ta zo da tsohon zanenta. Ina wurin. Babban mai duba ya ɗebi ruwa a kwalba daga rami na shida, ya ɗaga a rana, ya ce madalla. Ta kama hannun rigarsa ta ce, "Ɗana, wannan nawa ne, na san yana da kyau. Zo in kai ka ka ga nasu. Tafiyar minti ashirin ce." Ya dubi takalminsa, ya dubi agogo. Wani daga cikin manyan kamfani ya ce abinci yana hucewa. Mai duba ya ce, "Mama, a takardata wuri ɗaya aka rubuta. Ki rubuto mana." Ta ce, "Ban iya rubutu ba, amma kana da hanci." Suka shiga mota.

Ta sa Blandine ta rubuta. Wasiƙa tara. An amsa ɗaya, aka ce an karɓa.

Bara, farkon damina, tana cikin rami na huɗu da hantsi tana yankan ciyawa, ɓarin jikinta ya shanye. Matan da ke wucewa zuwa gona suka ciro ta. Ta yi wata uku a kwance, magana da ƙyar. Na je gaishe ta ana saura mako guda. Ta daɗe tana haɗa kalmar kafin ta fito: "An yanke?" Na ce, "An yanke, Mama, kwantar da hankalinki." Taga a buɗe take, iska tana busowa daga wajen rafi. Ta ja numfashi ta hanci, ta dube ni da idon nan nata guda da ya rage yana motsi, ta ce, "Ƙarya." Kalmar ƙarshe da na ji daga bakinta ke nan, kuma gaskiya ta faɗa.

A bakin kabarinta mun yi alkawari, kuna tune. Muka ce duk Asabar za mu fita. Asabar ta farko mu arba'in ne, har da ganga. Ta biyu mu goma sha ɗaya. Kafin wata uku ya cika, saura Blandine da mata biyu, Mama Ngah da Mama Régine, waɗanda kowacce ta haura sittin. Ni ma ina da dalilaina, kowa yana da nasa. Ranar Talatar nan na je na duba don kada in tsaya gabanku in faɗi abin da ban gani ba. Rami na ɗaya da na biyu sun toshe, ruwa yana gudu a sama baƙi ƙirin. Na uku ya zama makiyaya. Na huɗu ya kwanta. Biyu ne ke numfashi. A cikin tafkuna goma sha tara, bakwai an bar su. Kuma a makon jiya na ga matanmu a hanya da rogo a ka, sun nufi rafin mutane, yadda iyayensu suka yi.

Mista Kuaté, mun gode da ka zo, mun san aiko ka aka yi, kuma ba kai ka binne bututun ba. Kamfani ya aiko wa iyali da saƙo cewa yana so ya kafa allon dutse a bakin fadama, a rubuta sunanta da ruwan zinariya, a yi biki. Iyali sun zauna, sun ce in ba ka amsa a gaban jama'a don kada a ce ba a ji ba. Baba Zang ya ce a gaya muku: kada a rubuta sunan matarsa a wurin da yake wari. Ku toshe bututun, ku haƙa ramukan da Dokta ta zana. Ranar da karfasa ta yi wata guda da rai a bayan gonar koko, ku zo ku rubuta abin da kuke so, shi da kansa zai riƙe muku tsani. Kafin nan, sunan nasu ne, ba su bayar ba.

Mai girma Shugaban Gunduma, ba wasiƙa ta goma za mu rubuta ba. Kana nan, mu ma muna nan, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Abincin da aka dafa zai jira. In ka yarda, da an shafa addu'a zan wuce gaba in nuna maka hanya. Na tanadi takalmin roba, ƙafa uku, ka zaɓi wanda ya yi maka.

Dokta, ki yafe mana. Kin kawo mana abu mai aiki, mun gani da idonmu yana aiki, ba inji, ba man fetur, ba wani bature da za a jira ya zo gyara. Adda kawai yake so da mutum mai zuwa kullum. Mutum ɗaya muka samu a ƙauye mai mutum dubu biyu, muka bar ta ita kaɗai har ta faɗi a ciki.

Baba Zang, shekara arba'in da ɗaya kuna tare. Ka sha cin abinci a makare saboda ciyawa, ka sha jin warin nan a jikin zanenta ba ka taɓa cewa ta bari ba. Mun ci amfanin haƙurinka ba mu taɓa ce maka sannu ba. Sannu, Baba. Blandine, 'yata, kina da miji da yara da gonarki, ba gadonki ba ne ke kaɗai, kada ki bari mu mayar da ke abin da muka mayar da mahaifiyarki. In Asabar ta zo kika ga ke kaɗai ce, ki ajiye addar, ki zo ki zauna a ƙofar gidana, ki kira ni da sunan da ya dace da ni. Firmin, kai da kake birni ka san ofisoshi, ka san wanda ake gani. Kukan da ka yi a kabari mun gani. Yanzu ƙafarka muke so.

Ina gode wa Fada da 'yan mawaƙa, ina gode wa matan da suka kwana biyu suna girki, da samarin da suka jera kujeru, da baƙin da suka taso daga nesa a wannan hanya tamu. Wanda maganata ta soka ya yi haƙuri, ni ta fara soka.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Honorine. Ka san ta fi mu, ka san bakinta, ka san hannunta. Ka gafarta mata kurakuranta, ka karɓe ta cikin salamarka, ka ba ta hutun da ba ta samu a wurinmu ba. Ka ƙarfafa mijinta, ka tsare 'ya'yanta da jikokinta. Ka taɓa zuciyar masu iko da masu dukiya. Mu kuma da muka rage, yau ba arziki muka zo roƙo ba. Ka ba mu kunya, ya Ubangiji, ka ba mu ita da yawa, kuma ka sa ta kai mu har Asabar.

Amin.